Bushin: Robar da ke Raba Ƙarfe da Ƙarfe

Laraba ba ranar hutu ba ce ga kanikawan Dungas, a Jamhuriyar Nijar. Kashegari Alhamis kasuwar Maigatari ke ci, can ƙetaren iyaka cikin Jihar Jigawa, kuma duk direban da ya san motarsa na ɓoye da wani ciwo ba ya son ciwon ya tashi a tsakiyar daji, ga buhunan riɗi a baya, ga mutane bisa buhunan, ga awaki ɗaure a gefe. Shi ya sa tun da hantsi motoci ke jeruwa a inuwar bedi: Hilux da ta ga jiya ta ga yau, Land Cruiser mai buɗaɗɗen baya, Golf, Opel, wani sa'in har da tsohuwar Peugeot 504, Fijon da ta girmi mai tuƙa ta. Wasu inji ya kawo su, wasu birki. Akwai kuma waɗanda ba a ko ɗaga musu bonet. Direba na saukowa sai ya nuna bayan motar da haɓa, ya ce, “Maigida, bayan nan rawa yake yi.”

Wanda ake kai wa irin wannan ƙara shi ne bakaniken ƙasan mota. A manyan garuruwa kamar Kano da Damagaram aikin mota a rarrabe yake: mai inji daban, mai wayarin daban, mai bugun bodi, mai walda, mai faci, kowa da rumfarsa. A Dungas mutum ɗaya kan haɗa biyu ko uku, amma direbobi sun san wanda hannunsa ya faɗa a kan ƙasan mota, kuma wurinsa suke zuwa ko da sai sun jira.

Ba ya gaggawa. Zai fara zagaya motar, ya duƙa ya shafa tayoyin baya da tafin hannu, daga waje zuwa ciki. Idan gefen ciki ya cinye ya yi sulɓi alhali na waje da sauran zane, ya riga ya samu rabin amsa. Sai ya shimfiɗa buhu, ya kwanta rigingine ya shige, ya ce wa yara biyu su kama bodi su girgiza. Shi kuwa yana can ƙasa, hannunsa a jikin ƙarfe, yana bin gaɓa ɗaya bayan ɗaya. Kunne kan ruɗi mutum, don ƙara tana bin ƙarfe ta ɓulla a inda ba nan ne tushenta ba. Yatsa ba ya ruɗuwa. Inda ya ji ɗan motsin da bai kamata ba, nan zai tsaya, ya zura dogon ƙarfen cire taya ya banƙara. Idan robar ta buɗe baki ta nuna tsaga, ko ƙarfen ciki ya yi ta kai da kawowa kamar haƙorin da ya kusa fita, magana ta ƙare. Zai fito yana karkaɗe riga ya ce, “Alhaji, bushin ne.”

Wanda ya koyi aiki a Kano ko Gumel bushin zai ce. Wanda ya koya a Damagaram ko Yamai zai ce silanbulok, sunan da asalinsa na wani kamfani ne, ya bi bakin mutane har ya zama sunan abin, kamar yadda kowane garin sabulu ya koma Omo. A garejin bakin iyaka harsunan biyu a cakuɗe suke, wannan ya ce sifana, wancan ya ce kile, wannan ya ce jak, wancan ya ce kirik, kuma ba wanda ke miƙo abin da ba shi aka nema ba.

Abin kansa ba shi da wani kwarjini. Ƙafar mota ba a jikin shasi take manne ba. Wasu hannuwan ƙarfe ne ke riƙe da ita, su bar ta ta yi sama ta yi ƙasa, su hana ta yin gaba ko baya ko gefe. A duk inda irin wannan hannu ya haɗu da shasi ko da gindin ƙafar, dole a samu gaɓa mai motsi. Da za a bar ƙarfe ya gogi ƙarfe a wurin, da ƙara ta hana kowa zama cikin mota, kuma da gaɓar ta cinye cikin 'yan kwanaki. Sai aka sa bushin: ƙaramin bututun ƙarfe a ciki, babba a waje, roba a tsakani an gasa ta ta kama su duka biyun. Kusar da ke ɗaure gaɓar ta cikin ƙaramin bututun take bi.

Ga abin da da yawa ba su lura da shi ba, har cikin masu riƙe sifana: a irin wannan bushin ba abin da ke juyawa. Idan ƙafa ta yi sama, robar ce ke murɗewa, kamar yadda mai wanki ke murɗe zane, in ƙafar ta sauko ta warware. Haka take yi sau dubbai a tafiya ɗaya. Robar da ke iya wannan aiki ita ce wadda aka dafa da farar wuta, dabarar da Charles Goodyear ya yi wa rajista a Amurka a 1844. Tana da juriya, amma tana da maƙiya, kuma kusan dukkansu a ƙasarmu suke zaune. Akwai zafin bazara da ke haura digiri 40, yana busar da ita har ta tsattsage. Akwai baƙin mai da ke ɗiga daga sama ya jiƙa ta ta kumbura ta yi laushi kamar ƙullin waina. Motocin da suka shekara suna jigilar jarkokin fetur a wannan iyaka, kafin Najeriya ta janye tallafin mai a watan Mayun 2023, bushin ɗin bayansu ba ya daɗewa, don fetur ɗin da ke tsiyaya ta ƙasan but shi ke cinye shi. Sai gargadar hanyar burji, sai rairayi, sai kuma babbansu, lodi.

Mutane kan ɗauki mutuwar bushin a matsayin ƙara kawai, ƙwaram-ƙwaram idan an faɗa rami, a ƙara sautin rediyo a wuce. Ni ban ɗauke ta haka ba. Idan na hannun baya ya mutu, ƙafar ta samu sarari, sai ta riƙa karkata ciki da waje yadda ta ga dama. Ka taka totur ta kalli gefe guda, ka saki ta koma ɗaya gefen. Bayan motar ya samu sitiyarin kansa ke nan, wanda ba ya hannun direba. Na taɓa shiga irin wannan mota daga Magaria zuwa Damagaram, tafiyar da ba ta kai kilomita 100 ba, kuma a kan kwalta. Duk sa'ad da direba ya ɗaga ƙafa, mu na kujerar baya sai mu ji gindin motar ya zame kamar an hankaɗa shi, shi kuwa ya fizgi sitiyari ya gyara. Dattijuwar da ke kusa da ni ba ta bar salati ba har muka shiga gari. Allah ya kai mu lafiya. Amma da wata babbar mota ta matse mu a kwana, ko taya ta yi bindiga, da robar da ba ta fi dunƙulen hannu ba ta yi sanadin duk wanda ke ciki.

Cire tsohon shi ne aikin ƙarfi. Inda ake da na'urar matsi, minti kaɗan ne. A nan dabara ce ke tsayawa a gurbin na'ura. Za a kwance hannun, a kai shi gefe, a ƙona robar har bututun ciki ya faɗo. Saura na waje, wanda tsatsa da shekaru suka aurar da shi da hannun. Sai maigida ya kwance ruwan zarto, ya zura shi ta cikin ramin, ya sake ɗaura shi, ya riƙa yanka bututun daga ciki a hankali, yana tsayawa yana hurawa yana dubawa. Gwanintar tana wajen sanin inda za a tsaya, don in zarto ya wuce ya ci jikin hannun, an shuka tsagar da wata rana za ta karya shi. Da bututun ya rabu, kurfi da guduma kaɗan sun isa su naɗe shi ya fito. Ƙonawar nan ba na son ta. Wuta mai yawa na rage wa ƙarfe ƙwari, hannuwan wasu motocin zamani kuma na alminiyam ne, ba sa jure ta ko kaɗan, ga baƙin hayaƙin da yaran gareji ke shaƙa suna tsugune a kai. Waɗanda suka fi kula sukan huda robar su yanke ta da wuƙa, ko da aikin zai ja lokaci.

Sa sabo kuwa, doguwar kusa ce da manyan washa da guntun bututu, ana ɗaure noti yana jan bushin ɗin yana shiga sannu a hankali. In ya ƙi, sai a nemi babbar mota mai kaya a tasha, a kafa jak a ƙarƙashin shasinta, nauyinta ya zama na'urar matsi. Ruwan sabulu ake shafawa don ya zame. Yaron da ya ɗauko baƙin mai don wannan aiki zai sha faɗa, kuma ya cancanta.

Kafin a kai nan, an riga an yi shawarar da ta fi kowace muhimmanci: wane bushin za a sa? Uku ne a gaban direba. Akwai sabo a kwali, wanda ake sarowa daga Kano, Ƙofar Ruwa ko Sabon Gari, ko daga shagunan Damagaram. Kwalin na gaske da na jabu kusan iri ɗaya ne, don haka maigida ba ya karanta kwali. Zai auna nauyin abin a tafin hannu, ya danna farce a robar, ya duba bakin da ta kama ƙarfe ko akwai inda ta ɗaga. Akwai Beljiyam, wato hannun gaba ɗaya da aka ciro daga motar da ta gama aiki a Turai, robarsa ta asali ce amma ta kwana biyu. Na uku shi ne wanda ya sa nake ganin wannan aiki sana'a ce ba canjin kaya kawai ba: yankan taya.

Ba kowace taya ake yanka ba. Ta babbar mota ake nema, mai kauri, kuma an fi son tsohon yayi mai zare a ciki, don mai waya tana dakushe wuƙa, wayar kuma in ta fito tana cin ƙarfe. Daga kafaɗar tayar, inda naman ya fi yawa, ake fitar da gunduwa. Wuƙar kanta sau da yawa daga karyayyen sifirin aka ƙera ta, ko daga tsohon ruwan zarto da aka wasa, ana tsoma ta a ruwa kafin kowane yanka don ta ratsa. Ramin tsakiya da guntun bututu ake huda shi, wanda aka wasa bakinsa ya yi kaifi, a ɗora a buga da guduma bisa kututture. Daga nan sai sassaƙa. Zai riƙe gunduwar a hagu yana juya ta, wuƙa na zare ɓawo siriri siriri kamar mai feraye rake, yana gwadawa a bakin ramin yana komawa. Ba ma'auni a hannunsa sai ido, amma ya san dole waje ya ɗara ramin kaɗan, ramin ciki kuma ya gaza bututun kaɗan, don in an tura ya kama gam. Duk wanda ya taɓa zama wurin masu yanka takalmin taya ko masu ɗinka guga da tsohon tub a kasuwar ƙauye zai gane hannun. Hannun baduku ne ya shigo gareji.

A idon sifirin mai ganye, irin na bayan Hilux da Land Cruiser ta ɗaukar kaya, da idon shokozoba, da maɗaurin sandar da ke hana mota kwanciya a kwana, yankan taya yana aiki sosai, wani lokaci ma ya fi jabun kwali daɗewa. Amma akwai inda bai dace ba. Motoci irin su Peugeot 406, ko Mercedes 190 da ta fito a 1982 da hannuwa biyar a kowace ƙafar baya, tsayuwar ƙafarsu gaba ɗaya ta dogara ne ga bushin da aka gasa robarsa ta kama ƙarfe. Wasu ma an bar musu ramuka a cikin robar da gangan, don su yi laushi ta fuska ɗaya su yi tauri ta ɗaya, kuma sai an sa su suna kallon inda masu ƙira suka nufa. Gunduwar taya ba ta kama komai ba, matsi ne kawai ke riƙe da ita. Za ta kashe ƙara, direba ya tafi yana murna, alhali hannun na zamewa a kanta. A nan ake gane maigida na ƙwarai. Shi ne wanda zai ce, “Wannan zan yanka maka. Wancan kuwa sai dai in sa maka na kai ka gida, in ka je Kano ka sayo na gaske.” Faɗin haka na rage masa kuɗin yini, kuma direban da aljihunsa ya yi sanyi ba ya son ji. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Wanda ya iya yanka amma bai san inda ba a yanka ba, shi ya fi ba ni tsoro.

A Turai da Amurka da Japan akwai masu motocin gudu da ke cire bushin lafiyayye su jefar, su sa wanda ya fi tauri. Yawanci na foliyuritan ne, wani nau'in roba na masana'anta da Otto Bayer ya gano a Jamus a 1937, ana yin sa ja ko rawaya ko shuɗi. A ma'aunin Shore da ake gwada taurin roba da shi, na kamfani yakan tsaya wajen 60 zuwa 70, nasu kuwa yakan kai 80 har 95. Masu tsere na sosai ma ba sa barin roba sam, ƙwallon ƙarfe suke sawa a gaɓar. Dalilinsu a fili yake: idan mota ta shiga kwana da gudu, robar kamfani na lotsawa da 'yan milimita, ƙafar baya ta ɗan karkace, direba kuma yana son motar ta bi daidai inda ya nuna mata. Sun samu abin da suke so, sun biya da ƙara da girgiza. Filinsu sumul yake kamar faranti, tserensu na 'yan sa'o'i ne, kuma ana gamawa kanikawa za su kwance su duba.

Direbanmu da ya ji wannan labari zai ce ai shi ma mai taurin yake so, tun da kayansa sun fi nasu nauyi. Sai dai foliyuritan ba murɗewa yake ba, juyawa yake a kan bututun, don haka sai da giris. Giris kuwa in ya haɗu da rairayin hanyar Malawa ko Dogo-Dogo ya zama dutsen niƙa, ya ci robar ya ci ƙarfen. Ban da wannan, dukan da hanya ke yi wa mota ba ya ɓacewa. In roba ba ta shanye shi ba, ƙarfe zai sha: kunnen da ke riƙe hannun ya tsage, ramin kusa ya faɗaɗa, aikin bushin ya koma aikin mai walda. Dattawan direbobi ba su manta Fijo ba. A 1975 Ove Andersson ya ci tseren Safari na Kenya da 504, a shekarar da aka fara harhaɗa Peugeot a Kaduna, kuma abin da ya ɗaukaka motar nan a hanyoyin Afirka ba tauri ba ne. Ƙafarta na da doguwar tafiya sama da ƙasa, tana haɗiye rami ba ta faɗa da shi.

Namu ƙarin ƙarfin na lodi ne. Ana ƙara ganye ɗaya ko biyu a sifirin, ko a sa naɗaɗɗen sifirin na motar da ta fi girma, ko a cusa gunduwar taya tsakanin zobbansa, don bayan motar ya ɗaga ya iya ɗaukar abin da ba a ƙera shi ya ɗauka ba. Ba zan yi wa direba wa'azi a kan wannan ba, don na san lissafin da ke sa shi yin haka, kuɗin mai da na kamasho da na hanya duk a cikin buhunan nan suke. Amma duk wanda ya canja tsayin mota ya canja kwanciyar hannuwanta, kuma bushin ɗin da aka ɗaure a tsohon tsayi yanzu a murɗe yake kwana, a murɗe yake tashi.

Wannan shi ne sirrin da ya raba aikin da ke shekara da wanda ke wata biyu. Ba a ɗaure kusar bushin gam mota na rataye a kan jak. A lokacin ƙafar a sake take, ta zubo ƙasa. In aka ɗaure a haka, ana sauke motar robar za ta murɗe tun ba a je ko'ina ba, ramin farko kuma ya ƙarasa ta. Maigida yakan kama notin da hannu kawai, ya sa a sauke motar bisa katako ko bakin rami, a girgiza ta ta zauna da nauyinta, sannan ya shiga ya ɗaure. In motar kullum cikin kaya take, ba laifi a jefa mata buhu biyu a baya kafin a ɗaure, don robar ta huta a tsayin da motar ke rayuwa a kai. Sau da yawa direba ya zagi mai shago cewa ya sayar masa da jabu, alhali bushin ɗin ba shi da laifi, gaggawar mai ɗaurewa ce.

Darajar waɗannan mutane ta fi fitowa lokacin da hanya ta toshe. Najeriya ta rufe iyakokinta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, aka sake rufe iyakarta da Nijar bayan juyin mulkin da aka yi a Nijar ranar 26 ga Yulin 2023, har sai a watan Maris na 2024 ta buɗe nata ɓangaren. Ga garin da kayan gyaransa daga Kano suke zuwa, wannan ba labarin rediyo ba ne. Kaya sun yi wuya sun yi tsada, amma mai naƙuda a ƙauye ba ta jiran a buɗe iyaka, rake da gyaɗa ma ba sa jira. Tun da Dungas ta rabu da Magaria ta zama gunduma mai cin gashin kanta a 2011 motocin aiki suka ƙaru a garin, su ma rairayin nan suke shiga, ƙasansu kuma hannun mutanen nan yake komawa.

Yaron gareji da girgiza mota yake farawa, da wanke kusoshi, da koyon lambar sifana: ya san Toyota 12 da 14 da 17 take ci, motar Turai kuma ba ta rabuwa da 13. Sai ya daɗe kafin a ba shi wuƙa, ya ɓata gunduwa da dama kafin ɗaya ta shiga. Ranar da maigida ya kama hannunsa ya ɗora a kan gaɓa ya ce, “Ka ji?” shi kuma ya ji ɗin, ranar ya fara zama bakanike.

La'asar ta yi, an sauke Hilux ɗin bisa katako. Maigida ya shiga ya ɗaure na dama, ya miƙa wa babban yaronsa sifana ya ɗaure na hagu, sannan ya bi baya ya taɓa da kansa. Direba ya ja ta ya fita bayan gari inda gargada take, ya dawo ya tsaya, ya leƙo ta taga ya ce, “Ta yi shiru, Baba.” Ya ƙirgo kuɗi, rabi naira rabi sefa. Ƙaramin yaron ya gangara da sauran tayar ya jingine ta a gindin bedi, don kafaɗarta ɗaya ba a taɓa ba tukuna. Kafin ya juyo Golf ɗin da ke biye ta matso, maigida ya ja buhunsa ya kwanta, muryarsa ta fito daga ƙasa: “Kai yaro, ku kama ku girgiza.”